Hoton Inna Laraba

Agege, Legas
Farkon watan Yuni

Ƙanwata Khairunnisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da keken ɗinkin nan naki da ba ya hutawa. Yaya ƙafar Inna Laraba? An yi shuka a Sandamu kuwa? Mu nan lafiya lau. Fadila ta gama wanka ta warware, jaririya kuma sai ƙiba take yi. Kin san sunan Inna na yanka muka sa mata, Hauwa'u, muna kiran ta Maijidda. Ki faɗa wa Inna a kunnen dama, wanda yake ji, cewa goshin takwararta sak nata.

Na san za ki ce wa yake rubuta wasiƙa a zamanin nan. To, Inna ba ta jin magana a waya, ke kuma wayarki 'yar tocila ce, abin da zan faɗa miki kuwa sai an karanta an sake karantawa. Mainasara, direban motar shanun nan da ke lodi a Mai'aduwa, shi zai kawo miki takardar nan tare da wata baƙar jaka. Kyamarata ce a ciki, wadda nake fita da ita ran Asabar tare da abokaina masu sha'awar hoto. Ki riƙe ta kamar ƙwai.

Ga buƙatata. Inna ta haura tamanin, babu hotonta ko ɗaya a duniya. Da an ɗaga kyamara sai ta ja mayafi. Ke jikarta ce ta jini, ni jikan ƙanenta ne kawai daga Zango, amma a bayanta na girma bayan rasuwar mahaifiyata, kuma ba na so Maijidda ta tashi tana amsa sunan wadda ba ta san fuskarta ba. Aiki bai bar ni na zo ba. Ki lallaɓe ta, ki ce maigidanta na Legas ne yake roƙo.

Yanzu ki nutsu. Gilashi biyu ne a jakar, dogo da gajere. Ki manta da dogon, na ɗauko abu daga nesa ne. Ki ɗaura gajeren, mai lamba 50, shi ne yake fitar da fuska yadda ido yake ganin ta. A saman kyamarar akwai ɗan faifai mai juyawa, ki kai shi kan harafin A, ki murza har ki ga 2.8 a allo. Wannan lambar faɗin ƙofar da haske yake shiga ce. Idan ta yi ƙasa ƙofar ta buɗe, abin da ke bayan mutum ya narke, fuska ta fito. ISO, wato ƙarfin da kyamarar take kama haske da shi, ki bar shi a 400. Ki saita a kan idonta, ba hanci ba. Ki matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ki riƙe numfashi, sannan ki danna a hankali. Kada ki taɓa filasha, kada kuma ki kai faifan kan koriyar alama, wannan na malalata ne.

Idan kin gama ki zare memorin, ki naɗe a takarda ki ba Mainasara. Kada ki bari wani ya turo mini ta waya, waya tana cinye kyan hoto.

Yayanki,
Nasrullahi

Sandamu
Ƙarshen Yuni

Yaya Nasrullahi,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, muna gaishe da Fadila da 'yar baƙuwa. An yi shuka, gero ya tsiro gwanin sha'awa. Ƙafar Inna da sauƙi, sai dai idan hadari ya haɗu. Jaka ta iso. Mainasara ya ce ko bijimi bai taɓa ɗauka da fargaba irin ta jakar nan ba.

Na karanta wa Inna takardarka ina ɗaga murya a kunnenta, har maƙwabta sun haddace 2.8. Da na zo kan maganar hoto ta ce, "Ni da na ƙi tun Malam yana raye, sai yanzu da na zama busasshiyar kuɓewa?" Na ce don takwara ne. Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "To, sau ɗaya. Amma ba za ta gan ni haka wujiga-wujiga ba."

Yaya, ka ja mana aiki. Sai da Siddiƙa maƙwabciyarmu ta zo ta yi mata kitso a ɗan gashin da ya rage, aka ƙunsa mata lalle hannu da ƙafa. Da kanta ta buɗe akwatin nan da ba ta bari a taɓa, ta ciro saƙin da aka kai ta gidan Malam da shi, da murjaninta. Ta zizara kwalli. Har turare ta sa. Na ce Inna, hoto ba ya ɗaukar ƙamshi. Ta ce, "Ke kika sani." Sannan ta zauna a bakin gadon ƙarfenta, jeren kwanukanta a baya, ta ɗora hannuwa a gwiwa ta ɗaure fuska kamar alƙali.

Na bi dokokinka ɗaya bayan ɗaya. Na riƙe numfashi har na ga jiri. Amma ka manta ɗakin Inna, tagarsa ba ta fi faifan tuwo ba. Kyamarar sai ta yi ta nawa kafin ta ƙifta, hoton ya fito dishi-dishi. Bayanta ya fara ciwo, ta fara cewa a tashi. Ni kuwa dama malalaciya ce, sai na kai faifan kan koriyar nan. Filasha ta ɗago kai ta watsa haske. Inna ta zabura ta ce, "La'ilaha, walƙiya a ɗaki ba ruwa?" Sai dariya ta kama ta, irin wadda take rufe baki da bayan hannu. Kafin hannun ya kai na sake dannawa.

Shi ne na ƙarshe a memorin. Na nuna mata a allon, ta kai shi dab da ido ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe haka nake. To, ba laifi. Wannan za a ba takwara." Ba ta yarda an cire mata murjanin ba sai bayan la'asar. Rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskarta har na manta, ni kaina sai da na share ido.

Ka wanke shi babba, guda biyu, ɗaya na Maijidda ɗaya namu. Ta riga ta sa an kafa ƙusa a bango.

Ƙanwarka,
Khairunnisa

Agege, Legas
Tsakiyar Yuli

Khairunnisa,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai ɗan mura da Maijidda ta yi, ta warke. Ki gaishe da Inna.

Na ga hotuna. Kin yi ƙoƙari, ba zan hana ki wannan ba, amma abin da na ce kada ki yi shi kika yi. Filasha ta daki goshinta yana ƙyalli kamar an shafa man shanu. Inuwarta ta yi baƙi ƙirin a bango. Kwanukan nan duk sun kama haske suna jan ido, akwai ma wata tasa da ta zama kamar daga kanta ta tsiro. Hannun da ta ɗaga ya yi rawa. Na nuna wa wani abokina da ya fi ni ido, ya ce irin hoton da ake ɗauka a gidan biki ne a wanke nan take. Na ji kunya.

Kuma wa ya ce a yi mata kwalliya? Innar da na sani tana tsakar gida da tsohon zanenta tana tsinke zogale. Ita nake so. Ina so tsufanta ya fito, kowane layi na fuskarta, don a nan tarihinta yake. Kwalli da murjani sun rufe mini ita.

Ga yadda za ki yi. Haske shi ne hoto, ba kyamara ba. Ki fito da ita da sassafe, bayan rana ta ɓullo kafin hantsi, lokacin hasken yana da taushi. Ki ajiye 'yar kujerarta ta tsakar gida kusa da rumbu, yadda haske zai zo mata daga gefe, ba daga gaba ba. Ki sami farin yadi, Siddiƙa ta riƙe shi a ɓangaren da yake da inuwa, zai maido haske a kumatun. ISO ki sauke shi zuwa 200. Ki duba saurin ƙiftawar, kada ya gaza 125, in ba haka ba hoto zai yi rawa. Kafin ki fito da ita ki gwada a kan kujerar babu kowa, har sai komai ya zauna daidai, don kada ki gajiyar da ita.

Ga memorin na dawo miki da shi, na share shi tas don ki sami wuri. Kada ki ji haushi. Sau ɗaya za a yi abin nan, gara a yi shi da kyau.

Yayanki,
Nasrullahi

Sandamu
Farkon Agusta

Yaya Nasrullahi,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa Maijidda lafiya. Mu nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, gero ya kai ƙugu. Inna ba ta jin daɗi, zan zo kan wannan.

Takardarka ta ƙona mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Ban karanta wa Inna ita ba. Da wane baki zan ce mata maigidanta ya ji kunyar kwalliyar da ta yi masa? Ka ce kana so tsufanta ya fito. Ai ya fito, Yaya. Ni nake ganin sa kullum idan ina ɗaga ta zuwa bayan gida. Ita abin da take so takwararta ta gani shi ne mace mai tsafta da rufin asiri, ba tsohuwa da yagaggen zane a gindin rumbu don mutanen Legas su yi ta kaɗa kai ba.

Mainasara yana sallama ta ce, "An kawo hoton?" Na ce ana wankewa, aikin Legas ba ya sauri. Na ce kuma kana roƙon a ƙara ɗaya, naka na kanka, a tsakar gida. Ta yi mita, ta ce ai sau ɗaya ta ce, amma kai ne, ta yarda.

Ran farko na fito da kujerar na gwada kamar yadda ka ce, haske ya zauna. Na shiga in kamo ta. Ka manta ba ta tafiya sai da dafa bango. Kafin mu kai gindin rumbu hadari ya rufe ranar, yayyafi ya sauko mana, muka juya.

Da aka sake samun safiya mai rana, ta fito ta zauna. Na ce saura farin yadi, ni kuwa duk yadin da ke wurina na mutane ne, masu launi. Sai ta ce wa Siddiƙa, "Je ki ƙasan akwatina, akwai fari ƙal a naɗe." Siddiƙa ta fito da shi tana warwarewa, sai na gane. Likkafaninta ne, wanda ta saya ta ajiye tun shekarar da Malam ya rasu. Na ce a mayar. Ta ce, "Mene ne a ciki? Nawa ne, yau ko gobe." Haka Siddiƙa ta tsaya riƙe da shi a gefenta tana kau da kai. Gaskiyarka, ya maido haske a kumatun.

Ina ɗaga kyamarar ta dubi zanen jikinta, ta dubi ƙafarta babu lalle, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "A'a, 'yar nan. Ba za a gan ni haka ba. Ki ce masa ya yi haƙuri da wancan." Ban danna ba. Ba zan saci fuskarta ba.

Tun daga zaman safiyar nan tari ya kama ta. An kai ta asibiti a Daura, an ba da magani, tana sha.

Tambaya ɗaya nake so ka amsa mini, ka bar lambobi. Ka ce ka share memorin. Kafin ka share, ka ajiye hoton nan na dariya a kwamfutarka ko ba ka ajiye ba? Idan babu, ka faɗa mini yanzu, in san yadda zan gaya mata gaskiya a sake kiran Siddiƙa da lalle tun tana iya zama. Na kira ka a waya ka ce kana mitin, za ka rubuto. Ina jira.

Khairunnisa

Agege, Legas
Tsakiyar Satumba

Khairunnisa,

Ina gaisuwa, ina yi wa Inna sannu. Allah ya ba ta lafiya. An tura ni aiki Fatakwal, shi ya sa kika ji shiru. Kuma gaskiya sai da na bari zuciyata ta huce kafin in ɗauki biro.

Na ga inda kika rubuta cewa tun daga zaman safiya tari ya kama ta. Wato ni na sa mata ke nan. Matar da ta goya ni, ni zan fito da ita in cutar da ita? Ban zaci haka daga gare ki ba. Maganar likkafani kuma, farin yadi na ce, ban ce a buɗe akwatinta ba. Ko farin buhu da kin samu zai yi.

Game da tambayarki, ba na ajiye hoton da bai yi ba. Ka'ida ce da duk mai hoto yake bi, in ba haka ba kwamfuta ta cika da tarkace. Kada wannan ya dame ki, za a ɗauki wanda ya fi shi nesa ba kusa ba.

Tunda fita tana ba ta wahala, ki ja gadon kusa da ƙofa, ki yaye labule. Ki ɗaga ISO zuwa 1600, hoton zai ɗan yi tsakuwa-tsakuwa amma ana gyarawa. Ki buɗe ƙofar gilashin har 1.8. Idan ta nace sai ta sa murjanin, ta sa, na haƙura. Idan kuma abin ya gagare ki, ki bari. Ina da hutu a ƙarshen shekara, zan zo da Fadila da Maijidda da ƙafar ɗora kyamara, in ɗauke su tare da kaina.

Yayanki,
Nasrullahi

Sandamu
Ƙarshen Satumba

Yaya Nasrullahi,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya kyautata namu zuwan. Mutanen Zango sun zo, an yi sadaka, sun koma. Na ji kukanka a waya, na san na gaske ne. A ƙarshen kiran ka ce in aiko maka da duk hoton da na samu nata. Amsar ke nan nake rubutowa.

Takardarka ta iso muna zaman makoki. Mainasara ya yi ta'aziyya, ya miƙo mini ita a zaure yana sunkuyar da kai. A cikin mata masu gaisuwa na buɗe, na karanta yadda zan ja gadon kusa da ƙofa. Gadon yana nan, an naɗe katifar.

Ban ce kai ka sa mata tari ba. Faɗa maka na yi lokacin da ya fara, kamar yadda ake faɗa wa ɗan gida. Kwananta ne ya ƙare. Kai ka tsaya a kan layin nan kana huce zuciya, ka bar tambayar da na ce ita kaɗai nake so ka amsa har lokaci ya ƙure. Kalma ɗaya ce, babu. Da ka faɗe ta a waya ranar da na kira, a lokacin tana zama, tana cin tuwo, tana yi wa Siddiƙa tsiya. Da na durƙusa na gaya mata gaskiya, ta yi faɗanta ta gama, a sake ƙunsa lalle.

Da na ji shirunka ya yi yawa, na ce mata Inna, a sake yin kwalliya mana a ƙara wani. Lokacin ta fara faɗawa. Ta shafa kumatunta ta ce, "Kin gan ni yanzu? A bar takwara da wancan, ya fi kyau." Na buɗe baki in faɗa mata, sai na ce a raina wataƙila yana nan a kwamfutarka, don me zan ɓata mata rai a banza? Na ƙyale. Ina jin haushin kaina, amma naka ya fi, kuma ban san ranar da zai wuce ba.

Ana jibi za ta rasu ta kamo hannuna ta ce, "Hoton ya isa wurin takwara?" Na ce ya isa. Ta ce, "An ga murjanin?" Na ce an gani. Ta ce madalla. Ba ta sake tambayar namu ba, ƙusar dai tana nan a bango.

Farin yadin da Siddiƙa ta riƙe, ni na yanka shi da almakashina.

Ga jakarka, komai yana ciki, ban fasa ƙwan ba. A aljihun da dogon gilashin yake za ka ga ƙullin tsumma. Murjaninta ne, ta ce a ba Maijidda. Ban wanke shi ba, da sauran turaren ranar a jikinsa.

Memorin yana cikin kyamarar. Hoto ɗaya ne a kai, wanda ka ce in gwada kafin in fito da ita. Kujerarta ce a gindin rumbu, babu kowa. Hasken daga gefe ya zo, mai taushi, bayan ya narke, ISO 200, babu abin da ya yi rawa. Na duba shi da kyau, ban ga abin da abokinka zai kushe ba. Wannan kam ina jin za ka ajiye.

Idan Maijidda ta yi wayo ta tambaye ka yaya fuskar mai sunanta take, sai ka nuna mata, ka yi mata bayanin lambobin.

Khairunnisa